Baƙuwar Tattabara Amana Ce



A Karare ta ƙasar Sarkin Ruma, da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, kiwon tattabaru tsohuwar al'ada ce. Akan gina musu akurki a tsakar gida, ko a rataya musu tukwane ƙarƙashin rumfa. Wata rana sai maigida ya fito watsa gero, ya ga baƙuwa cikin nasa, ta ware gefe guda tana ɗari-ɗari. Ko dai shaho ya tarwatsa garkensu, ko iskar hadari ta kwaso ta, ko kuwa gidan da ta sani ya zama kango. To, jama'a, wannan 'yar tsuntsuwa tana da hukunci a littafi, yana da kyau malami da ɗan kasuwa su san shi.

Saba wa tattabara ba wuya. In aka ajiye mata ruwa a kasko, aka zuba mata tsaba a wuri ɗaya kowace safiya, ba a yi mata hargowa ba, bayan kwanaki kaɗan sai ta riƙa ci a tafin hannu. In ta sami miji cikin garken, zama ya kama ta ke nan. Ƙwai 2 take yi, su kwanta a kai kamar kwana 18, namiji da rana, mace da dare, sa'an nan su ciyar da 'ya'yan tare da wani farin abu mai kama da nono da ke fitowa daga maƙoshinsu. Cikin wata guda 'ya'yan sun isa tashi. Sabo da haka baƙuwa guda tana iya zama garke kafin shekara ta kewayo, a nan kuwa kwaɗayi ke shiga. Waɗansu sukan fige mata fiffike nan da nan don kada ta koma, waɗansu yara kuma sukan saki nasu da gangan su janyo na maƙwabci, a kai kasuwar Batsari a sayar.

Shari'a ba ta bar wannan a banza ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid an sa wa tsintuwa cigiyar shekara guda a wurin da ake sa ran samun mai ita, ko da yake malamai sun sassauta a kan abu ƙanƙane. Game da tattabaru kuwa, fiƙihun Malikiyya kamar yadda ya zo a Mudawwana ya nuna in ta wani ta shiga cikin na wani, a mayar wa mai ita in an iya ganewa, in ba a iya ba babu laifi a kan wanda ta faɗo wa. An hana ɗana wa tattabarun mutane tarko, wanda ya kama kuwa ya mayar ko ya yi cigiya, kada ya ci. Watau ciyar da baƙuwa sadaka ce, fige ta don a mallake ta cin haƙƙi ne.

Wannan hukunci ya ƙara nauyi a yammacin Katsina. A shekarun 2019 da 2020 ƙauyuka da dama na gefen Dajin Rugu sun watse sabo da harin 'yan bindiga, mutane suka kwarara Batsari da birnin Katsina. Mai gudun ransa yakan kora akuya in ya sami hali, amma tattabara ba ta koruwa. Takan zauna kan katangar da ta sani har yunwa ta tashe ta, sa'an nan ta faɗa gidan da ta ga ana watsa hatsi. Lalle mai irin wannan tsuntsuwa ya fi kowa bukatar a mayar masa da abinsa, ko a ba shi 'ya'yanta ya sake kafa kiwo. Wanda ya reni baƙuwa har ya shaƙu da ita bai yi hasara ba in ya mayar. Ya sami gidan da zai riƙa zuwa ya gan ta, zumunci ya ƙullu tsakaninsa da mai ita.

Tattabarar gida dai mafakarta gidan mutum. 'Yan uwanta na daji, hasbiya da kurciya da bardo, su mafakarsu hurumi, watau wurin da aka hana taɓa su. Musulmi ba baƙin wannan ba ne. Duk alhajin da ya je Makka ya ga tattabarun Harami suna kiwo tsakanin ƙafafun mutane ba tsoro, domin wanda ya kashe guda ɗaya a can fansarsa akuya ce ko tunkiya. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta lissafa tsuntsaye cikin al'ummomi kamar 'yan Adam. Abu Dawuda kuma ya ruwaito labarin tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya a wata tafiya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga tashin hankalinta, ya yi umarni a mayar mata da su.

A ƙasar nan ma akwai hurumin tsuntsaye da mutum ke iya ziyarta. Mafi shahara shi ne tafkin Dagona a ƙasar Bade, kusa da Gashuwa cikin Jihar Yobe, cikin fadamar Haɗeja da Nguru. A 1989 Duke na Edinbara, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya je can musamman don ganin tsuntsaye. Akwai alkawarin da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971 don tsare fadamu. Tafkin Nguru ya shiga lissafinsa a 2000, Dagona da Baturiya ta Jihar Jigawa suka shiga a 2008. Da kaka, in sanyi ya kama Turai, agwagin ruwa sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka can, su tarar da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe, ba su komawa sai bazara ta gabato. Cikin baƙin har da wata kurciya ta Turai mai zuwa cin rani a ƙasashen bakin Sahara. A Ingila ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga 1970, sabo da ƙarancin abinci a gonakinsu da harbi a hanya. Gauraka ma, wanda dattawa suka saba gani a fadamun Arewa, yau da ƙyar ake ganinsa a Nijeriya. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Dagona tana da nisa daga Karare, amma hurumi ba sai da takardar hukuma ba. Shamuwa takan zo farkon damina ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, ba mai jifanta, ba kuwa doka aka buga ba, dattawa ne suka hana. Abin da aka yi wa shamuwa ana iya yi wa sauran. Limami yana iya sanarwa bayan salla cewa bishiyoyin masallaci da na maƙabarta da na tsangaya ba a shiga musu da danƙo ko tarko. Malamin allo ya sa almajiransa su ajiye kaskon ruwa a gindin bishiya da bazara, lokacin da ƙishirwa ke kashe tsuntsaye. Mai sayen tattabaru a kasuwa ya tambayi yaro inda ya samo su kafin ya miƙa kuɗi, musamman in ya ga sabon figa a fiffike. Wanda baƙuwa ta faɗo wa kuma ya yi cigiyarta a ƙofar masallaci da wurin masu sayar da kaji, ya ɓoye kamanninta har mai nema ya faɗa da bakinsa, kamar yadda ake yi wa kowace tsintuwa.

Allah shi ba ƙasar Ruma da ƙasar Yarima zaman lafiya mai ɗorewa, shi mayar da kowane ɓatacce gidansa.