Jakar Barci da Shimfiɗa: Guzurin Mai Hawan Dutse

Duk wanda ya ɗaura aniyar hawan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, wajibi ne ya tanadi abin kwanciya, domin can sama sanyin dare yakan daskarar da ruwa. Abin kwanciyar nan kashi biyu ne: jakar barci, wadda mutum yake shigewa ciki, da shimfiɗar da ake ɗora ta a kai.

Jakar da aka cusa wa lallausan gashin agwagwa ta fi ɗumi da rashin nauyi, amma da zarar ta jiƙe, amfaninta ya ƙare. Ta zaren roba kuwa ta fi nauyi, sai dai tana riƙe ɗumi ko ta sha laima.

Babban kuskure shi ne raina shimfiɗa. Iskar da ke maƙale cikin gashin ita ke tsare ɗumi. Nauyin mai barci yakan matse gashin da ke ƙarƙashinsa, sai ƙasa ta riƙa zuƙe zafin jikinsa. Don haka ake auna shimfiɗa da lambar R: 2 ta wadatar lokacin zafi, wurin ƙanƙara kuwa sai 4 ko fiye. Wanda ya sayi jaka mai tsada ya ƙyale shimfiɗa, ya yi aikin baban giwa.