Motar Haya a Rairayin Ƙasar Gumel: Wane Tanadi Take Buƙata?

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanyoyi, wanda ya ɗauki hayar mota domin hawa tsaunuka yakan fara da tambayar ko yana buƙatar sarƙar taya, wato ragar ƙarfe da ake naɗa wa tayoyin da ke jan mota domin su kama ƙasa maimakon su riƙa santsi. Wani Ba'amurke mai suna Harry Weed ne ya yi rajistar wannan ƙirƙira a 1904, kuma har yau tana da gurbi a doka, domin tun daga 2021 Faransa ta wajabta wa masu mota a yankunan tsaunukanta riƙe sarƙa ko sanya tayoyin hunturu daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Duk da haka, kamfanonin haya da yawa a Amurka suna hana ɗaura ta, saboda idan ta tsinke takan yi wa jikin mota ɓarna.

A masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙanƙara ba ta kwanta a hanya, amma tambayar tana nan da wata fuska, kuma amsarta ta rataya ne a kan inda kwalta ta ƙare. Tafiyar kusan kilomita 120 daga Kano zuwa Gumel, da ƙarasawa Maigatari a bakin iyakar Nijar, duk a kan kwalta ake yin su, saboda haka ƙaramar mota mai lafiya ta wadatar, muddin tana ɗauke da abin da jami'an kiyaye haɗurra ke nema: safaya mai iska, da jak, da na'urar kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Abin lura a wannan hanya shi ne ramuka da manyan motocin dabbobi, musamman ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ke ci.

Da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauye, lissafi ya canza, domin ƙasar yankin rairayi ce mai laushi wadda ba ta riƙe nauyi. Sarƙa tana amfani a ƙanƙara ne saboda akwai abu mai tauri da za ta kama, amma a rairayi duk abin da ya ƙara wa taya haƙora sai ya mayar da ita magirbi, ta haƙa wa kanta rami har cikin motar ya zauna a ƙasa. Abin da rairayi ke so shi ne faɗi. Idan aka rage iskar taya daga tsakanin 30 da 35 da aka saba gani a gejin masu faci, aka mayar da ita wajen 18 ko 20, ɓangaren da ke taɓa ƙasa yakan ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu, ta riƙa bi ta saman yashin. Wannan dabara tana da sharaɗi biyu waɗanda ake yawan mantawa da su: ba a gudu ko karya kan mota da ƙarfi, don kada tayar ta fita daga bakin ƙarfenta, kuma wajibi ne a mayar da iskar kafin a hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi, a watannin bazara kuwa fashewarta ba ta da wuya. Ƙaramin famfon iska da ake haɗawa da batirin mota ya fi kowace sarƙa daraja a nan, tunda ba kowane ƙauye ne ke da mai faci ba.

Akwai kuma matsalar tsayin mota daga ƙasa, wadda ita ce ke kayar da yawancin baƙi. Hanyoyin ƙauyukan yankin amalanken shanu ne suka fitar da su, sai aka samu layuka biyu masu zurfi da tudun yashi a tsakiya, kuma mota mai gajeren ciki takan hau wannan tudu ta rataye, tayoyinta suna juyawa a banza. Shi ya sa direbobin da suka san hanyar suke ɗora taya ɗaya a kan tudun, su riƙe giya ta biyu ba tare da tsayawa ko canza giya a tsakiyar yashi ba. Mota mai jan ƙafa huɗu, wato wadda injinta ke juya dukkan tayoyi, irin su Hilux, tana sauƙaƙa al'amarin ƙwarai, ko da yake ita ma takan kafe a hannun wanda bai san rage iska ba. Idan kuwa mota ta kafe, ci gaba da taka totur ba ya haifar da komai sai ƙona kuloci. Abin yi shi ne a kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, a ɗaga da jak a kan katako mai faɗi, a shimfiɗa karan dawa ko rassa, sannan a fita a hankali, sau da yawa da baya.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba, takan juya lamarin, domin ruwa yana danne rairayi ya yi ƙarfi, sai haɗarin ya koma fadamu da wuraren laka, musamman a Agusta. A taɓo ne kaɗai sarƙa za ta iya yin wani tasiri, amma igiyar ja mai ƙarfi da tambayar mutanen gari kafin a shiga ruwa sun fi ta amfani, tunda injin da ya shaƙi ruwa gyaransa ya wuce kuɗin hayar nesa ba kusa ba.

Saura batun yarjejeniya. A arewacin Nijeriya yawancin haya shata ce, wato a ɗauki mota tare da direbanta, kuma sau da yawa ana gama ciniki a kan sunan babban gari, alhali inda za a je yana can cikin daji. Ya kamata a faɗi sunan ƙauyen tun a tasha, a amince a kan wanda zai biya kuɗin turi ko na tarakta idan an kafe, a kuma nemi izinin mai mota da cikakkun takardu idan tafiyar za ta tsallaka zuwa Nijar. Inshorar da doka ta wajabta tana biyan ɓarnar da aka yi wa wasu ne kawai, ba ta biyan kulocin da ya ƙone ko salansar da ta tsinke a burtali, saboda haka wanda ya karɓi mota ba direba yana da kyau ya sa a rubuta masa ko an yarda ya sauka da ita daga kwalta.