Neman Muryar Mutanen Niyandatal a Cikin Kwamfuta

Ƙashi yana iya shekara dubbai a ƙasa, nama kuwa ba ya daɗewa. Nan gizo ke saƙar ga duk mai son jin muryar mutanen Niyandatal, waɗanda suka rayu a Turai da yammacin Asiya, suka ƙare kimanin shekara 40,000 da suka wuce. Tun 1856 da aka tono ƙasusuwansu a kwarin Neander kusa da Dusaldof a Jamus, ana ta samun ƙoƙon kansu da muƙamuƙi da haƙora. Harshe da leɓe da maƙwallato kuwa, wato ainihin kayan magana, ƙasa ta cinye su tuntuni.

Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja "iii", ka koma "uuu", sannan "aaa". Karkarwar da kake ji ɗaya ce. Abin da ya sauya shi ne mazaunin harshe da siffar leɓe. Tantanin maƙwallato yana kaɗawa ne kamar bakin algaita, bututun da ya taso daga maƙogwaro zuwa leɓe shi ke ba sautin kamanni. In an san tsawon bututun da faɗinsa a kowace gaɓa, lissafi zai faɗi wasalin da zai fito. Aikin da ake ba kwamfuta ke nan.

Philip Lieberman, masanin furuci, da Edmund Crelin, masanin ƙirar jiki a Jami'ar Yale, su suka fara gwadawa a 1971. Sun ɗauki ƙoƙon kan wani dattijo da aka tono a La Chapelle-aux-Saints a Faransa a 1908, suka ƙiyasta inda maƙwallatonsa ya zauna, suka sa shi can sama kamar na jariri sabon haihuwa. Da suka ba kwamfuta awon, sai ta ce mai irin wannan maƙogwaro ba zai iya furta "i" da "u" da "a" ba. Maganar ta karɓu, aka daɗe ana kallon mutumin Niyandatal a matsayin mai gwaranci.

Ba a jima ba aka fara tsince aikin. A 1975 Dean Falk ta nuna cewa in har maƙogwaron dattijon haka yake, to ko loma ba zai iya haɗiyewa ba, balle ya kai tsufa. Ga shi kuma ƙoƙon kan da ma a farfashe aka same shi, hannu ne ya liƙa shi. A 2002 Louis-Jean Boë da abokan aikinsa a Grenoble suka yi nasu lissafin, tasu kwamfutar ta ce wasulan nan uku duk suna fita. Mutanen dai su ne, amsa kuwa ta zama biyu. A ganina kwamfuta a nan 'yar amshin shata ce: inda mai bincike ya ajiye maƙwallato, nan take rerawa.

Akwai ɗan ƙashi guda a cikin kayan magana, mai siffar kofaton doki, yana rataye ƙarƙashin haɓa, jijiyoyin harshe suna riƙe da shi, ba ya haɗe da kowane ƙashi. A 1983 aka samu irinsa a jikin wani kwarangwal na Niyandatal mai kimanin shekara 60,000 a kogon Kebara da ke Dutsen Karmel. Da ƙyar za a bambanta shi da namu. A 2013 aka ɗauki hoton cikinsa da na'ura, aka gina kwafinsa a kwamfuta, aka yi ta jansa kamar yadda jijiya za ta ja. Da yake ƙashi yana ginuwa ne daidai da wahalar da yake sha, saƙar cikinsa ta nuna ya yi irin aikin da namu yake yi. Sai dai tun da a rataye yake, bai faɗi tsayin da ya zauna a wuya ba.

Hujjar da ta fi kwanta mini ta biyo ta kunne ne. Ramin kunne a cikin ƙashi yake, ba sai an yi ƙiyasi mai yawa ba. A 2021 Mercedes Conde-Valverde da tawagarta a Sifen suka gina kunnuwan mutanen Niyandatal biyar a kwamfuta, suka lissafa sautin da ke ratsa su. Sun tarar suna jin siraran sautuka masu kaɗawa sau 4,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa fiye da magabatansu da aka tono ƙasusuwansu a Atapuerca, kusan daidai da mu. A wannan yankin ne baƙaƙe irin "s" da "t" da "k" suke fitowa sarai. Wato an shekara hamsin ana jayayya kan wasali, alhali mai yiwuwa baƙi ne ya ɗauki nauyin zancen. Ba abin mamaki ba ne: harshen Ubykh na yankin Kokasas, wanda mai jinsa na ƙarshe ya rasu a Turkiyya a 1992, wasali biyu ya mallaka da baƙaƙe kusan 80, kuma da shi aka yi ciniki da aure da faɗa. Tun 2007 kuma aka gano a ƙasusuwan kogon El Sidrón cewa ƙwayar gadon FOXP2, mai hannu a sarrafa baki wajen magana, irin tamu ce a jikin mutanen Niyandatal.

Wanda ya yi ƙarfin halin fitar da sauti a ji shi ne Robert McCarthy na wata jami'a a Fulorida. A 2008 ya bi sahun Lieberman, ya sa kwamfuta ta furta wasalin "e" da maƙogwaron Niyandatal. Wasali ɗaya tak, gajere, a shaƙe. Ni dai a kunnena ya fi kama da kukan tunkiya mai mura.