Abin da 'yan sama jannati suka koya mana game da doguwar kwanciya

'Yan'uwa, a Yankwashi da Roni da Gwiwa duk ɗaya ne: idan dattijo ya kwanta ciwo, sai mu ce, "Baba, kwanta ka huta, kada ka motsa." A kai masa fura har shimfiɗa, a hana shi ko fita zaure. Ƙauna ce. Amma bayan wata guda zazzaɓi ya tafi, ƙafafu kuma sun ƙi ɗaukarsa, sai mu ce tsufa ne. Sau da yawa kwanciyar ce ta karya shi, kuma masu zuwa sararin samaniya sun taimaka an gane dalili.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400 daga doron ƙasa, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja, tana kewaya duniya cikin minti 90. Tun Nuwamba 2000 ba ta rabu da mutane ba. Ƙarfin da duniya ke jawo abubuwa da shi yana nan a can. Sai dai tashar da mutanen cikinta suna faɗowa tare ba fasawa, gudunsu kuma ya hana su iso ƙasa, don haka ba wanda ke jin nauyin jikinsa. Mutum yawo yake a iska kamar auduga.

A ido abin sha'awa ne, amma jiki na shan wuya. Ƙashi abu ne mai rai: kullum ana rushe tsohon ana gina sabo, kuma nauyin da yake ɗauka ne ke sa ginin ya ci gaba. Matar da ke daka gero, ta ɗauko tulu daga rijiya, tana gina ƙashinta ba ta sani ba. Idan nauyi ya ɗauke, rushewa ta fi gini. Ɗan sama jannati kan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙarfin ƙashin ƙugu da na baya a wata guda, abin da tsohuwa kan rasa a kusan shekara. Sinadarin kalsiyam da ya zube yana bin fitsari, har yakan zama tsakuwar ƙoda. Tsokar ƙafa ta motse. Jini ya hau sama, fuska ta kumbura, zuciya ta saba da ƙaramin aiki, ranar dawowa kuma jiri ya kwashi mutum da zarar ya miƙe.

Shi ya sa suke motsa jiki kimanin awa 2 kowace rana, a ɗaure da madauri a kan injin gudu. Valeri Polyakov, likita ɗan Rasha, ya yi kwana 437 a tashar Mir, ya sauko a Maris 1995, kuma da ƙafarsa ya taka daga kumbo zuwa kujera.

Da yake zuwa sama na da tsada, masana kan kwaikwayi yanayin a ƙasa. Da me? Da gado. A birnin Kolon na Jamus an kwantar da masu lafiya kwana 60, kai ya ɗan fi ƙafa yin ƙasa, jikinsu kuwa ya nuna irin alamun 'yan sama jannati. Tun 1966 ma, a Dallas ta Amurka, an kwantar da samari biyar masu shekara 20 na mako uku. Bayan shekara 30 aka sake gwada su, aka ga mako ukun nan ya fi shekaru talatin ɗin rage musu ƙarfin zuciya da numfashi. Samari ke nan. Ina ga mai shekara saba'in?

Ba a ce a tayar da kowane majinyaci ba. Mai karaya, mai ciwon zuciya da wanda aka yi wa tiyata, sai abin da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Amma mai jinya ya tambaya tun ranar farko: "Yaushe zai fara zama? Yaushe zai taka?" Idan an yarda, a zaunar da shi bakin gado ya ɗan jima kafin ya miƙe, saboda jiri. Masu zuwa gaisuwa, maimakon a zauna kewaye da tabarma kawai, mutum biyu su riƙe Baba ya taka zuwa ƙofar ɗaki ya dawo. Wanda ba ya iya tashi sam, a riƙa lanƙwasa masa gwiwa da hannu a hankali, a juya shi duk bayan awa 2 don kada gyambo ya fito masa a baya.