Yadda Ake Auna Binciken Likitocin Gaggawa

Likitan sashen gaggawa yakan kwana a tsaye kan wanda mota ta kaɗe ko maciji ya sara, kuma abin da ya gano a nan yana ceton wasu idan ya rubuta shi. Don auna tasirin irin wannan bincike, masana sukan ƙirga maƙalun likitocin ƙasa a rumbunan Scopus da Web of Science, su duba sau nawa aka kafa hujja da su. A 2005 Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin h: mai 10 yana da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Sai dai mujallun da ba sa cikin rumbunan ba sa shiga lissafi, shi ya sa ƙasashe matalauta ke cutuwa. Don haka, ban da ƙirga, ya kamata a riƙa duba ko binciken ya gyara yadda ake jinya.