Asalin Waƙar Tabbat Haƙiƙa

Mutanen kowane addini suna da waƙoƙin da suke tuna Allah da su. Kirista suna rera nasu a majami'a ran Lahadi. Mu kuwa nan ƙasar Sakkwato mun gāji waƙoƙin wa'azi daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da zuriyarsa. Ɗaya daga cikinsu ita ce Tabbat Haƙiƙa. Watakila kun taɓa jin ana rera ta. To, ga asalinta.

An fara jihadi cikin shekarar 1804. Cikin 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Mulki ya komo hannun jama'ar Shehu. Waɗansu suka zama sarakuna, waɗansu alƙalai. Amma Shehu ya san halin ɗan Adam. Wanda aka zalunta jiya, in ya sami iko, yana iya zaluntar wani yau. Saboda haka ya yi wannan waƙa da Fillanci, don ya gargaɗi mutanensa.

Shehu ya rasu cikin 1817. Ɗansa Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi. Shi ne wanda kabarinsa ke Wurno, nan kusa da mu. A zamaninsa, cikin 1831, 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta juya waƙar zuwa Hausa, aka rubuta da ajami. Me ya sa ta yi haka? Domin yawancin talakawa ba su jin Fillanci, balle Larabci. Ta so manomi da mai jima da mace a cikin gida duk su ji da kunnensu.

Nana ba ta tsaya nan ba. Ta naɗa mata masu ilmi, ana ce da su jaji. Su ne ke jagorar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koyi waƙoƙinta, su koma gida su koya wa saura. Ana kiran waɗannan mata 'Yan Taru.

Mene ne ma'anar sunan waƙar? Watau ka tabbata abin da aka faɗa maka gaskiya ne, ba shakka cikinsa. Da waɗannan kalmomi kowane baiti ke ƙarewa, don kada mai ji ya manta.

Waƙar ba ta bar kowa ba. Ta ja kunnen mai mulki kada ya ci dukiyar talakawa. Ta ja kunnen alƙali kada ya karkata shari'a don abin duniya. Ta ja kunnen ɗan kasuwa kada ya cuci mai saye. Ta tuna wa kowa akwai ranar hisabi, ranar da sarki da talaka za su tsaya daidai gaban Ubangiji.

Ku lura da abu guda. Da ba a rubuta waƙar nan ba, da wuya ta iso gare mu yadda take. Wanda ya iya karatu yana duba abin da magabata suka bari da idonsa, ba mai juya masa magana. Saboda haka ku dage da zuwa aji.

Tambayoyi
1. Wa ya fara yin waƙar, da wane harshe?
2. Don me Nana Asma'u ta juya ta zuwa Hausa?
3. Su wa waƙar ta ja wa kunne?