Maganin Ƙwaron Wake Yana Ƙofar Gida

Duk wanda ya taɓa ɗaure buhun wake da kaka, ya kwance shi da bazara ya tarar da gari da ƙananan ramuka, ya san ɓarnar ƙwaron wake. Tun a gona macen take yin ƙwai, ta ci gaba a kan ƙwayar waken bayan an sussuke. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta huda ta shige ciki, tana ci a ɓoye, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro, ita ma ta fara nata ƙwan. Kafin mai wake ya farga, buhu ya zama dusa.

Tsoron wannan asara ne ya sa wasu 'yan kasuwa ke antaya wa wake fiya-fiya. Ƙwaro kam yana mutuwa, amma gubar tana bin waken har cikin tukunya. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan irin wannan guba da aka samu a ciki. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muke yin alale da shi.

Alhali ga darbejiya a ƙofar gida, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane kore amma ta bar darbejiya. A 1968 masana a Ingila suka tace sinadarin da ke yin wannan aiki daga 'ya'yanta, aka sa masa suna azadiraktin. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Hana shi cin abinci yake yi, ya dagula masa girma da haihuwa. Ƙarfinsa ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yan, ganyen kuwa biye yake.

Ga yadda ake yi. A tsinci nunannun 'ya'yan, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare, a daka, a matse mai. Rabin ƙaramin cokali ya ishi kilo guda na wake. A zuba a babbar roba a cuɗanya da hannu har kowace ƙwaya ta yi ɗan sheƙi. Man yana lulluɓe ƙwan ƙwaron ya toshe masa numfashi. Ɗacinsa ne matsalar, don haka ya fi dacewa da waken iri. Na ci kuwa, man gyaɗa ma yana yin irin wannan aiki, sai dai a ɗan ƙara yawansa.

Garin barkono, masoro da kanumfari suna korar ƙwari da yajinsu. A Nijar da Senigal manoma sun daɗe suna sa ganyen anza a ma'ajiyar wake, wanda ke fitar da wani tururi mai kashe ƙwaro. Tokar murhu da kakanninmu ke haɗawa da iri ma tana nan da amfaninta.

Sai dai ƙarfin waɗannan magunguna yana raguwa bayan 'yan watanni, dole a riƙa dubawa ana sabuntawa. Kuma ba kowane tsiro ake kusantarwa da abinci ba; tumfafiya da zaƙami guba ne.

Manomi, kafin ka zuba komai, shanya wakenka ya bushe ƙayau har in ka ciza ya yi ƙara. In kana da hali, ka haɗa da buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ka ɗaure bakinsa tamau.